Mai Amsa Na Goma Sha Huɗu

Sau uku Baba ya faɗi sunansa kafin ya yarda a fara hirar. Ya kai bakinsa dab da 'yar rakodar da ke kan tebur kamar mai hura wuta, ya faɗi nasa, ya haɗa da na mahaifinsa, ya ƙara da na kakansa. Sannan ya ja baya ya dube ni.

"Ta ɗauka?"

"Ta ɗauka, Baba."

"Ban ga ta motsa ba."

"Ai ba ta motsi. Ka ga jar wutar nan? Ita ce alamar tana ji."

Bai gamsu ba. Ya gyara murya ya maimaita, ya kuma maimaitawa, a hankali, kamar yadda ake yi wa mai nauyin kunne. Dakta tana zaune a kujerar marigayiya Mama, ta haɗe gwiwoyi, tana murmushin wanda bai san abin da ake cewa ba. Ta tambaye ni da Turanci ko wata addu'a yake yi. Na ce a'a, sunansa yake faɗi.

Dakta baturiya ce daga wata jami'a ta ƙetare. Littafi take rubutawa a kan abin da muke kira a aji dunƙulewar duniya, wato yadda kaya da kuɗi da aiki suke tsallake iyakoki ba tare da sun yi wa kowa sallama ba. Tana son jin ta bakin waɗanda abin ya bi ta kansu, tsofaffin ma'aikatan masaƙar garinmu da aka rufe shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ni kuwa na karanta kimiyyar siyasa, na fito da sakamako mai kyau, na ƙare ina koya wa 'yan aji uku haruffa a wata makarantar kuɗi. Malamina na jami'a ne ya haɗa ni da ita. Aikina in nemo mutane, in yi tafinta, in rubuce abin da rakoda ta ɗauka, in mayar da shi Turanci. Sai abu na ƙarshe, wanda ban faɗa wa kowa a gida ba: in cire sunan kowa, in sa lamba a gurbinsa.

Mutum talatin take so. Wata guda muna yawo, goma sha uku kacal muka samu. Duk tsohon da muka je wa, sai ya kalle mu sama da ƙasa ya ce, "Babanki ya yi magana?" Shi ne ya shugabanci zauren saƙa shekara da shekaru, kuma tun da aka rufe ƙofar bai taɓa buɗe baki ya yi wa wani baƙo zancen ba. In ya yi, za su yi. In bai yi ba, mu kama gabanmu.

Kwana huɗu ina lallashinsa. A na biyar ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Littafi kika ce?"

"Littafi, Baba. Na gaske, mai bango."

"To zan yi, amma da sharaɗi ɗaya. A rubuta sunana. Shekara talatin da ɗaya na yi a wurin nan, ranar da aka rufe ko takardar sallama ba a ba ni da sunana ba. A bango suka manna sanarwa, wai 'dukkan ma'aikata'. Ni ba dukkan ma'aikata ba ne."

Na ce, "Za a rubuta."

Shi ya sa da Dakta ta miƙo takardar amincewa a wannan safiyar ta ce in fassara masa layi-layi kafin ya sa hannu, gabana ya faɗi. Na fassara na ɗaya, na biyu, na uku. Layi na huɗu cewa ya yi ba za a ambaci sunan mai amsa ba a ko'ina, a littafi ko a lacca. Na kalle shi. Ya sa farar rigarsa da ya goge da kansa, ya rataya tsohon katinsa na aiki a wuya da shuɗiyar igiyarsa da ta koɗe. Na tsallaka zuwa layi na biyar.

Na ce wa kaina abu ne mai sauƙi, daga baya zan yi wa Dakta bayani ta gyara. Gaskiyar kuwa ita ce tsoro nake ji aikin ya kuɓuce mini in koma wa alli da majinar yara. Baba ya karɓi biro, ya rubuta sunansa a ƙasan takardar, harafi bayan harafi. Bai iya karatun boko ba, amma wannan kam ya iya, don kullum safiya sai ya rubuta shi a rajistar bakin ƙofar masaƙa.

* * *

Awa huɗu ya yi yana magana, cikin kwana biyu. Wallahi ni 'yarsa ban san rabin abin da ya faɗa ba. A gida Baba mutum ne mai "sannu" da "an gode", sai ga shi gaban rakoda ya zama famfon da aka manta a buɗe.

Ya faɗi yadda yake gane injin da zai tsinke zare tun daga ƙararsa, a cikin injuna tamanin masu ruri lokaci guda. Ya faɗi yadda suka koyi magana da hannu saboda ba a jin juna, har ya zama ko a gida in Mama ta tambaye shi abu sai ya amsa da yatsu, ita kuma ta ce ita ba inji ba ce. Ya faɗi ranar ƙarshe.

"Ba rufewar ce ta fi ci mini rai ba," in ji shi. "Komai yana da ƙarshe. Amma a ce mana mu kashe injuna mana! Akwai yadda ake yi. A rage gudu, a sassauta zare, a goge, a rufe da ƙyalle. Sai kawai suka yanke wuta daga ofis da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, zare na kan inji, yadi rabi a saƙe. Na ji shirun nan ya dake ni a ƙirji. Har yau in na tuna, injin lamba tara nake gani da yadinsa bai ƙarasa ba."

Dakta ta tambaye shi ra'ayinsa a kan yadin waje mai arha da ya cika kasuwa ya kashe masaƙar. Ya yi dariya ya ce, "Da abokina Kwamared kika tambaya, zai ce miki, 'A rufe iyaka, ko allura kada ta shigo, kowa ya ci gidansu!' Kullum haka yake cewa, har na haddace. Ni kuwa na sayi yadin nan na warware shi na duba. Saƙar ba ta da kyau, amma ba laifin hannu ba ne, gaggawa aka sa shi. Wanda ya saƙa shi a can, shi ma uban wasu ne. Ina so in ga hannunsa. Ina so in ce masa ya yi hattara, in an sami wanda ya fi shi arha, shi ma za a yanke masa wuta da rana tsaka."

Na fassara. Dakta ta ce, "Kai, wannan ya yi kyau," ta rubuta wani abu a littafinta.

Kashegari Kwamared ya zo da kansa, da jar hularsa ta ƙungiyar ƙwadago da ya ƙi rabuwa da ita, ya ce shi ma a ɗauke shi. Shi ne na goma sha biyar. Kafin sati biyu mun cika talatin.

* * *

A ɗakin da Dakta ta kama a masauki akwai dogon tebur. A nan muke baje takardun hirarrakin, ita kuma ta fito da alƙalumanta masu launi guda uku. Ta ce a iliminsu mutane kashi uku ne game da dunƙulewar duniya. Akwai masu cewa a sakar wa kasuwa mara, ita za ta gyara komai, waɗannan shuɗi. Akwai masu cewa duniya ta haɗe amma a yi adalci, talakan nan da na can su haɗa kai; waɗannan ja. Sai masu cewa a rufe ƙofa kowa ya tsaya a ƙasarsa; waɗannan kore. Na san duk wannan, na rubuta jarrabawa a kai har na ci. Abin da ban taɓa gani ba shi ne a ɗauki maganar mutumin da na sani a shafa mata launi.

Ta daɗe a kan takardun Baba, alƙalami a baki. Ta ɗauki ja ta ajiye. Ta ce, "Mahaifinki yana da wuyar sha'ani. Ba ya zama a akwati ɗaya."

"A gida ma haka yake," na ce. Sai na ga dama ta samu. "Dakta, yana so a sa sunansa."

Ta ɗago da sauri. "Ba ki karanta masa takardar ba?"

"Na karanta." Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko sauƙin fita. "Amma ya sake tunani."

Ta cire tabarau ta yi mini bayani da taushin murya, irin na likita. Doka ce ta kwamitin jami'arsu. An yi ta ne don a kare talakawa daga cutarwa, kada wani ya karanta ya biyo su. In ta karya, za a iya hana littafin fita gaba ɗaya.

"A kare shi daga wa?" na ce. "Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarmu ya tambaya ko yana raye. Masu masaƙar ma ba su san sunansa ba, balle su biyo shi."

Ba muguwa ba ce, kada in zalunce ta. Ta riƙe hannuna ta ce za ta rubuta wa kwamitin ta tambaya. Ranar da za ta tafi ta kawo wa Baba agogon bango, ta rungume ni a filin jirgi har da hawaye.

Na dawo gida na zauna gaban kwamfuta na yi abin da aka ɗauke ni in yi. Duk inda sunan Baba ya fito, na goge na rubuta "Mai amsa na 14". A shafin farko kaɗai sau uku na yi haka. Da na gama na tura mata komai, ta kira ni ta bidiyo, na goge muryoyin talatin daga kwamfutata tana kallo, kamar yadda dokar ta ce. Na danna, aka tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata.

* * *

Mu biyu ne a gidan, ni da Baba. Mama ta rasu shekara shida kafin zuwan Dakta. Yayana yana ƙetare, a wani ƙaton sito, yana cusa riguna a leda ana aika wa mutanen da suka saya ta waya. Ran Lahadi yake kira ta bidiyo. Hoton ya tsaya cak bakinsa a buɗe, Baba ya yi ta cewa "Kana ji na?" har layin ya yanke. Wani lokacin sai ya ci gaba da riƙe wayar, yana kallon fuskarsa a baƙin gilashin.

Amma tun bayan hirar sai Baba ya sami abin jira. Ya kwashe kwalaben magani da tsohuwar rediyo daga kan kantar falo, ya goge wurin, ya bar fili kamar faɗin tafin hannu biyu. Ba mai ajiye komai a nan. Ko makulli na ɗora sai ya ce, "Ɗauke, wurin littafi ne."

Kullum da hantsi yakan taka zuwa bakin tsohuwar masaƙar, inda akwai wani benci a ƙarƙashin bishiya. An mayar da ginin sito, manyan motoci na shiga da dilolin yadin waje, ta ƙofar da a da yadi ke fita. A nan suke zama da Kwamared suna musu. Da su bakwai ne a bencin, sai suka koma huɗu, sai su biyu. In na taso daga makaranta, don na koma wa allina bayan tafiyar Dakta, nakan biya in taho da shi.

"'Yar boko!" in ji Kwamared duk ranar da ya gan ni. "Ina littafinmu? Ko baturiyar ta yi tsire da shi?"

"Ana bugawa, Baba Kwamared."

"Ki ce mata ta sa ni a gaban wannan tsohon. Ni na iya magana, shi labarin inji kawai ya sani."

Baba ya ce, "Kai da ka zo na goma sha biyar? Bi layi, malam."

Su yi ta dariya, ni ina yaƙe. Sau nawa na shirya faɗa masa! In na zo da maganar a bakina sai in tarar yana goge filin nan na kan kanta, sai in tambaye shi ko ya sha magani. Na rubuta wa Dakta sau biyu. Amsa ta farko ta ce kwamiti bai zauna ba. Ta biyu ta ce ya zauna, kuma ta yi baƙin ciki ƙwarai.

A shekara ta biyu Kwamared ya kwanta kwana uku ya rasu. Da muka dawo daga gaisuwa, Baba ya zauna a bakin gado. Na kawo masa ruwa. Ya karɓa ya riƙe bai sha ba.

"Ba komai," ya ce. "Ai yana cikin littafi. Jikokinsa za su buɗe su gan shi."

Na shiga bayi na kunna famfo don kada ya ji kukana. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na ranar ba.

Bayan haka ya ci gaba da zuwa bencin shi kaɗai. In na hango shi daga nesa, ya bar gefen Kwamared a buɗe, ya takure a ƙarshen katakon, motoci na wucewa suna busa masa hayaƙi.

* * *

Wata biyar bayan rasuwar Kwamared, wani mai gadin siton ya kira ni a waya ina tsakiyar aji. Baba ya zame daga kan benci. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, amma hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa: "To." Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa in na makara. Sauran sai da yatsun hagu, irin maganar zauren saƙa. Da Mama na nan da ta gane. Ni sai na yi ta lalube.

Yaya ya ce ba zai iya zuwa ba, in ya fita ba za a bar shi ya koma ba. Ya yi kuka a waya, hoton ya tsaya a kan kukan.

A lokacin ne na tuna da awa huɗun nan. Muryar Baba, da dariyarsa, da sunansa sau uku a bakinsa. Duk gidan nan ba mu da ko minti ɗaya na muryarsa a ajiye. Wa yake tunanin ɗaukar muryar ubansa? Na rubuta wa Dakta doguwar wasiƙa, na ajiye kunya gefe na faɗa mata gaskiya, har layi na huɗun da na tsallake. Na ce ko ba za a sa sunan ba, ta taimaka ta turo mini minti ɗaya na farkon hirar.

Ta amsa a ranar. Ta ce zuciyarta na tare da mu. Ta ce an goge dukkan muryoyin wata uku da suka wuce, bisa doka, da takardar da ke nuna wace lamba ce ta wane. Yanzu a duniya ba wanda zai iya gano ko wane ne mai amsa na goma sha huɗu, kuma wannan, in ji ta, shi ne amfanin tsarin. Game da layi na huɗu kuwa, ta roƙe ni kada in sake rubuta wannan maganar a wasiƙa. Littafin yana wurin bugu.

* * *

Da rana tsaka littafin ya iso, ranar Asabar. Da na san zai zo da na tare shi a waje, amma mai kawo saƙon ya yi sallama har ƙofar falo, ya ɗaga kunshin yana tambayar inda zan sa hannu. Baba na zaune a kujerarsa ta gefen taga. Ya ga tambarin ƙetare a jikin kwalin. Idonsa ya tashi daga kan kwalin zuwa filin kan kanta, ya dawo kaina.

"To," ya ce. Rabon da in ji ta da ƙarfi haka tun kafin ciwon.

Na yanke ledar da wuƙa. Littafi ne mai kauri, mai nauyi, bangonsa da hoton jirgin ruwa maƙare da kwantenoni. Na ɗora masa a cinya. Ya shafa bangon, ya murza takardar tsakanin yatsa biyu kamar yadda yake gwada yadi, ya gyaɗa kai. Sannan ya yi mini alama in ɗauko masa katinsa na aiki daga aljihun farar rigar da ke rataye. Na rataya masa a wuya. Ya nuna littafin, ya nuna bakina.

Na ja kujera kusa da shi na fara nema. A shafin godiya Dakta ta gode wa jami'arta, da kwamiti, da mijinta, da kyanwarta. Ta gode wa "mataimakiyata mai ƙwazo, wadda na sakaya sunanta don kare ta". Na yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗi, na wuce.

A shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya na same shi, a babin masu son a rufe ƙofa, babin kore. Awa huɗu sun koma layi uku. Ba injin lamba tara, ba yadin da bai ƙarasa ba, ba mutumin can da yake son ganin hannunsa. Abin da aka ɗauko shi ne: "A rufe iyaka, ko allura kada ta shigo, kowa ya ci gidansu." A ƙasa an rubuta, "Mai amsa na 14, tsohon ma'aikaci." Maganar Kwamared ce, wadda Baba ya kwaikwaya yana dariya. Dariyar ba ta shiga takarda ba, ni ce ban rubuta ta ba.

Ban karanta masa wannan ba. Na ɗora yatsa a kan layukan kamar mai bi, na faɗo masa nasa daga ka, yadda na haddace: a rage gudu, a sassauta zare, a goge, a rufe da ƙyalle. Ya lumshe ido yana saurare. Da na zo kan yanke wuta da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ba ta motsi. Na ce a raina, shi ke nan, na tsira.

Sai ya buɗe ido ya buga ƙirjinsa da yatsa sau biyu, ya nuna shafin.

Na gane. Na yi kamar ban gane ba. Ya sake bugawa.

"Ga shi nan, Baba," na ce, na nuna ƙasan layukan, inda lambar take.

Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Ya daɗe. Sannan ya kamo katin da ke wuyansa, ya cire igiyar ta kansa da ƙyar, ya kwantar da katin a kan shafin, dab da inda na nuna. Ya dubi sunan da ke kan katin, ya dubi layin. Ya bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, yana neman harafin farko na sunansa. Ya juya shafi na gaba. Ya juya na baya.

Ya buɗe littafin ta ƙarshe, inda na taɓa gaya masa ana jera sunayen duk wanda aka ambata. Sunaye sun fi ɗari huɗu a nan, cikin ƙananan haruffa, duk na masanan da suka yi rubutu a kan mutane irinsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da katin a hannu, shafi tara. Agogon da Dakta ta ba shi yana ta bugawa a bango. Ban hana shi ba, ban kuma iya tashi ba.

Da ya kai na ƙarshe ya ɗago ya dube ni. Ba fushi a idon, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa a gabansa. "Ba ya ciki, Baba. Tun farko an ce ba za a sa ba, yana rubuce a takardar da ka sa wa hannu, ni na ƙi karanta maka. Ni na goge shi da hannuna. Na Baba Kwamared ma ba ya ciki. Ka yafe mini."

Wata mota ta wuce a titi. Ya kalli taga har ƙararta ta ɓace.

"To," ya ce, a hankali.

Ya mayar da littafin shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, ya lalubo shi da kansa. Ya kwantar da katin a tsakiya, fuskar sunan na kallon layukan, ya rufe bangon a kai, ya danna da tafin hannu kamar mai sassauta zare kafin a tashi aiki. Ya miƙo mini, ya nuna kanta da haɓa.

Na ɗora shi a filin da ya shekara biyu yana gogewa. Ya zauna daidai, kamar an auna. Baba ya juya kujerarsa kaɗan zuwa taga, bai sake kallon wajen ba.

Har yau littafin na nan. Ba wanda ya ƙara buɗe shi. Shuɗiyar igiyar katin ta leƙo ta ƙasan shafukan tana reto a bakin kanta, kuma duk safiya in na zo shara sai na ɗaga ta in goge ƙurar da ke ƙarƙashi.